Shin Kircher ya riga Champollion karanta rubutun Misirawan dā?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne wani limamin Katolika ya riga Champollion karanta rubutun Misirawan dā (Champollion shi ne Bafaranshen da ya gano yadda ake karanta rubutun a 1822), kuma ko za ka iya kafa hujja da shi a aikinka na makaranta.

Mutumin shi ne Athanasius Kircher, Bajamushe ɗan ƙungiyar Jesuit ta limaman Katolika da aka haifa a Geisa a 1602, ya rasu a Roma a 1680. Ya yi rubutu kan lissafi da kiɗa da maganaɗisu da ƙasar Sin, wadda bai taɓa takawa ba. Son sani ya kai shi har aka zura shi da igiya cikin bakin dutsen Vesuvius mai aman wuta a 1638. Ina girmama shi ƙwarai a kan wannan.

Amma rubutun Misira bai karanta shi ba. Ya ɗauka kowane zane alamar wata ɓoyayyiyar hikima ce, har sunan Fir'auna guda ya kan zame masa doguwar jimlar falsafa. Inda ya dace shi ne ganewarsa cewa harshen Kibɗawa, wato Kiristocin Misira, daga harshen Fir'aunoni ya fito, kuma wannan ya taimaki Champollion a 1822.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kwafo fassarar Kircher daga intanet kamar tabbatacciya. Kawo shi a matsayin tarihin ƙoƙarin, ita kuwa fassarar ka nuna wa malaminka na tarihin Misira kafin ka miƙa.