Amsa: Jarumar fim ɗin mayaƙan Dahome 'yar Benin ce?

'Yar'uwa, kin tambaya ko matar da ta jagoranci mata mayaƙan Dahome (tsohuwar masarauta a Benin ta yau) a fim ɗin The Woman King na 2022 'yar Benin ce. A'a, Viola Davis 'yar Amurka ce, an haife ta a 1965, cikin talauci ta tashi. Ni ma da muka kalla nan Maraɗi, sai na ɗauka daga Kwatano aka ɗauko ta!

Dandalin wasan kwaikwayo ne ya gina ta kafin kyamara. Ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan dandali a Amurka, a 2001, ta ƙara a 2010 da wasan Fences. Da aka mayar da wasan fim, ta sake fitowa a matsayin Rose, matar jarumin labarin, ta ɗauki Oscar a 2017. Nemi wannan ki gani, kuka take har da majina, ko gogewa ba ta yi.