Tambayoyinku: waya a ruwa, da maganar dam ɗin Lagdo

Tambaya: Malam, ruwa ya shigo mana ɗaki wayata ta jiƙe, na binne ta cikin shinkafa kwana biyu amma shiru. (Wani daga Haɗeja)

Amsa: Ɗan'uwa shinkafa ta tuwo ce, a mayar wa uwargida kayanta. Kar ka jona caji, cire sim da memori ka kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke ta.

Tambaya: An turo mana murya a gurup cewa Kamaru ta buɗe Lagdo, wai jibi ruwa zai cinye Yola. Akwai manhajar da zan duba in gane gaskiya? (Wata baiwar Allah daga Jimeta)

Amsa: Hajiya wallahi kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Duk damina sai wannan muryar ta dawo, ba sunan mai magana ba kwanan wata, wani lokacin ma da bidiyon ambaliyar 2022 ake haɗa ta, mutane kuma suna ta turawa kamar za a raba musu lada. Abin da yake cin raina, ranar da gargaɗin gaske zai zo an riga an gaji da ji, kuma ambaliyar 2022 ɗin nan sama da mutum 600 ta kashe a Najeriya.

Dam ɗin Lagdo yana kan kogin Binuwai ne kusa da garin Garwa a Kamaru, kuma in za a saki ruwa hukumomin Kamaru kan sanar da Najeriya, hukumar NIHSA mai kula da koguna ta fitar da sanarwa kamar yadda ta yi a Satumban 2024. To shafinta da na NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa, za ki fara dubawa. Sannan ki buɗe Flood Hub na Google a burauza, kyauta ne ba sai kin sauke komai ba, ki matso da taswira kan Yola ki danna alamar da ke bakin kogi, zai nuna miki hasashen tashin ruwa har na kwana 7, in ta yi ja to a fara ɗaure kaya. Ni duk safiya ina dubawa daga Agusta har ƙarshen Oktoba, ke ma ki mayar da shi ɗabi'a.

Amma kar ki ɗauka kwamfuta ta san komai. Hasashen ambaliya haɗin gwiwa ne, tauraron ɗan adam yana kallon hadari, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana auna ruwan sama, akwai ma'aikatan da ke karanta ma'aunin kogi a Makurɗi da Lokoja, sannan masana su haɗa lissafin. Duk da haka manhaja ba ta ganin tsagewar jikin dam ko kwalbatin da leda ta toshe a layinku, wannan sai injiniya ya je da ƙafarsa. Ki tuna dam ɗin Alau da ya ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ki samu dattijon unguwarku ya nuna miki a jikin bango inda ruwan ambaliyar 2012 ya tsaya, in ƙofar gidanki tana ƙasa da wurin to tun yanzu ki san gidan da za ku kwana, takardun yara ki ɗauke su hoto, ki ƙulle na asalin a leda.

Tambaya: Wayata ta ce kashi 80 za a yi ruwa, na fasa shanyar masara, ko ɗigo ba a yi ba. (Manomi daga Funtuwa)

Amsa: Baba kashi 80 ta ce ai, ba ta rantse ba. Kunna lokeshan, ina zargin wayarka har yanzu garin da aka sayo ta take yi wa hasashe.