Amsa: Wasannin da za su haɗa dukan yara a bikin ranar haihuwa

Hajiya, kin tambaya wane irin nishaɗi ya dace da bikin zagayowar ranar haihuwar ɗiyarki a Birnin Kebbi, ganin cewa cikin yaran da kika gayyata akwai kurma da kuma wanda ba ya jure hayaniya.

Shawarata ita ce ki haƙura da mai kiɗan lasifika, ki kuma sa a ja janareta nesa da tsakar gida. Na taɓa ganin yaro ya toshe kunnuwansa da tafin hannu, ya shige ƙarƙashin tebur saboda fashewar balan-balan guda ɗaya, har aka watse bai fito ba. Ki shimfiɗa tabarmi a inuwa bayan la'asar, ki tanadi yumɓu, takardu da fensir mai launi, da mai ƙunshi, domin waɗannan wasanni ne na hannu da ido waɗanda kurma zai shiga ba tare da an yi masa tafinta ba. Idan za a yi tatsuniya, mai bayarwa ta riƙa nunawa da hannu da fuska.

Ki ware ɗaki guda shiru don wanda ya gaji, sannan ki kira iyayensu tun da wuri, su ne suka san abin da ke firgita kowane yaro.