Ina da ciki kuma ina ɗauke da HIV: shin homon ɗina zai rikice?

Tambaya: Likita, ina zaune a Agege, cikina wata huɗu. A wajen awo aka gano ina ɗauke da HIV, aka ɗora ni a kan magani. Yayata ta ce cutar da maganin suna ƙona sinadarin da ke riƙe ciki. Tsoro ya sa yau kwana uku ban sha ba.

Amsa: Baiwar Allah, ki koma kan maganinki yau ɗin nan, kuma ranar awo ki faɗa wa nas cewa kin yi fashi.

Sinadarin da yayarki take nufi shi ne furojestaron, ɗaya daga cikin sinadaran jiki da ake kira homon. A farkon ciki ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da shi, zuwa wajen mako na 10 sai mabiyiya ta karɓi aikin. Shi ke kwantar da mahaifa don kada ta fara murɗawa lokaci bai yi ba.

Maganarta da ƙamshin gaskiya, amma ta haɗa abu biyu. Wani bincike da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada, wanda ya fito a 2015, ya nuna furojestaron yana raguwa a jinin masu ciki da ke shan wani rukunin magani, irin su lopinavir, kuma jariransu sun fi zuwa ba nauyi. To amma duba robar maganinki. In an rubuta TLD, ƙwaya ɗaya a rana, wannan mai dolutegravir ne, ba ya cikin wancan rukunin. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba, har ga masu ciki.

Ita kuwa ƙwayar cutar, ɓarnarta ta fi zuwa idan aka ƙyale ta: uwa ta rame, jini ya yi ƙasa, mabiyiya ta wahala, a haifi bakwaini. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗauka daga uwa. Da magani, adadin bai kai 5 ba.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda mata ke zuwa kemis a yi musu "allurar riƙe ciki" ba da sanin likita ba. Kada ki yi. Awon da ya fi muhimmanci gare ki shi ne na yawan ƙwayar cutar a jini, ba na homon ba. In kin ga jini, ko mararki na murɗawa tana saki, ki nufi asibitinku ko LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ko da tsakar dare ne.