Filashi na ce min "Permission denied" a Ubuntu, chmod 777 ma bai yi ba

Tambaya: Salam malam. Ina da shagon buga takardu a Titin Bauchi nan Jos, yawancin kwastomomina ɗaliban jami'a ne. Saboda bairos na cire Windows na sa Ubuntu. Toh idan na sa filashin mutum na yi sudo mount, wato na ɗora shi da ikon admin, ina ganin fayil ɗinsa, amma ba na iya ajiye komai a ciki, sai ta ce Permission denied. Na yi chmod 777, umarnin da ke buɗe wa kowa izini, a banza. Wani ya ce in sa kaina a rukunin disk, in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar rukunin disk ɗin nan ka bar ta tun yanzu. Duk wanda ke cikinsa yana iya karantawa da rubutu kai tsaye a kan kowane faifai, har da wanda Ubuntu ɗinka take kai, kuskure ɗaya yaron shago zai yi komai ya tafi. Kuma ko ka shiga ba zai warware maka wannan ba.

Sudo ɗin nan shi ya jawo maka. Filashin ɗalibai kusan duk FAT32 ne ko exFAT, su kuwa waɗannan ba sa ajiye sunan mai fayil ko izini kwata-kwata, to chmod ɗinka ba shi da wurin da zai zauna. Linux ce take yanke wa za a ba mallaka a daidai lokacin da ake mount, kai kuma da sudo ka yi, shi ke nan komai ya zama na root, wato babban asusun admin, kai sai kallo.

Abu mafi sauƙi ka daina mount da hannu. Sa filashi, danna shi a Files, udisks2, manhajar da ke kula da faifai, zai ɗora shi a /media/sunanka/ da mallakarka. In tamina, wato wurin buga umarni, ka fi so, duba sunansa da lsblk -f, misali sdb1, sai ka rubuta ba tare da sudo ba:

udisksctl mount -b /dev/sdb1

Amma fa wannan na wanda ke zaune gaban kwamfutar ne, in ta SSH ka shigo daga wata kwamfuta, polkit mai kula da izini zai nemi kalmar sirrin admin, haka aka tsara shi ba lalacewa ba ce. In kuma dole sai sudo mount, to ka faɗa mata na waye:

sudo mount -o uid=1000,gid=1000,umask=022 /dev/sdb1 /mnt

Wannan 1000 ɗin lambar mutum na farko ce da aka buɗe wa asusu a Ubuntu, buga id ka ga taka kafin ka kwafa. Sannan kar ka haddace sdb1, yau sdb gobe in an sa filashi biyu ya koma sdc.

Filashin da ka mayar ext4, tsarin faifai na Linux, da kanka labarinsa daban. Shi yana riƙe mallaka, kuma bayan fomat root ne mai shi, don haka chown, umarnin canja mai fayil, sau ɗaya a kan wurin da aka ɗora shi ya wadatar. Ni dai ba zan ba ka shawarar ext4 a shago ba, ɗalibi zai kai shi Windows ta ce a yi fomat ya dawo maka da rigima. exFAT ya fi, tun kanel 5.4 Linux ta san shi, kuma ba shi da iyakar 4GB ga kowane fayil irin ta FAT32.

Ka riƙa karanta saƙon da kyau kuma. In Read-only file system ta ce, ba izini ba ne, galibi an fizge filashin ne ana cikin rubutu ko an ɗauke wuta. Kwafe abin mutum gefe tukuna in zai kwafu, yi umount ka sauke filashin, sannan sudo fsck.vfat -a /dev/sdb1 in FAT32 ne. NTFS kuwa gara a kai shi Windows a yi masa chkdsk. In bayan duk wannan ya ƙi karɓar rubutu a kowace kwamfuta, filashin ne ya kulle kansa don ya gaji, gaya wa mai shi ya kwashe kayansa ya shiga kasuwar Taminus ya sayi sabo.