Ƙishirwa da yawan fitsarin Hajiya: a gwada suga

Ɗan uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka ce ta fi wata tana kwankwaɗar ruwa, tana tashi fitsari sau huɗu biyar da dare, ga rama duk da tana cin abinci, kana tambaya ko zafin Kano ne. Gaskiya ni suga nake zargi.

In suga ya yi yawa a jini, ƙoda ce take fitar da shi ta fitsari, sai ya ja ruwan jiki ya tafi da shi, shi ya sa ƙishirwar ba ta yankewa. Haka babanmu ya fara, buta kullum a bakin ƙofa, har kiyashi muka ga suna taruwa a inda ya yi fitsari, mu kuma muna ta ba shi zoɓo da lemo mai sanyi wai ya kashe ƙishi, ashe wutar muke ƙara hurawa. Ka lura ko tana ganin dishi-dishi, ko kasala, ko wani ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa.

Ka kai ta gwaji da safe kafin ta karya. In awon sugan jininta ya nuna 126 mg/dL ko sama, in an maimaita ya sake fitowa haka, ciwon suga ne. Kar ka sayi magani a kemis da ka, kuma a ajiye jiƙe-jiƙen gargajiya tukuna, likita ya gan ta, ko a Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Amma in ta fara amai, ciwon ciki, numfashi da sauri ko ruɗewa, ko tsakar dare ne ku wuce imajensi.