Tambayi Anti: Ajin kwalliya a waya, da kai yara gidan tarihin Kanta

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki. Ni budurwa ce daga Jega, na gama sakandare bara ina zaune gida ba abin da nike yi, sai na ga wata a Instagram tana tallar ajin kwalliya na WhatsApp wai dubu 15 sati biyu, za ta koya muna kwalliyar amare da ɗauri da haɗa man gyaran fata, har da satifiket. Innata ta ce ɓarnar kuɗi ce, ina aka taɓa koyon sana'a cikin waya. Dan Allah mi kika gani?

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata. Inna tana da gaskiyarta, amma waya ma tana koyarwa, sai dai ki san iyakarta. Bidiyo zai nuna miki me ake fara shafawa, me ke biye, yadda ake zana gira da ɗaurin ashoke, kuma ki maimaita sau goma ba mai yi miki tsawa. To amma duk wannan yana nan kyauta a YouTube, har da na 'yan uwanmu da Hausa, data kawai za ki saya. Shafin koyon darussa a intanet mai suna Alison ma karatunsa kyauta ne, satifiket ɗin ake biya. Ki fara da su wata guda ki gani ko abin yana ranki.

Inda waya take gazawa shi ne hannu. Yawancin bidiyon waje an yi su ne a kan farar fata a garin sanyi, ke kuma amaryarki tana Jega a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta ba fanka, ƙawaye sun cika ɗaki, kafin a fita wajen kamu hodar ta dame da zufa ta tsattsage gefen hanci, girar ta fara zubowa. Wannan ba mai koya miki shi sai fuskar mutum a gabanki. Ki tara ƙannenki da 'yan unguwa ki yi ta gwadawa, sannan ki nemi mai shago a garinku ko Birnin Kebbi ki zauna ƙarƙashinta ko wata biyu ne, ko da wankin burushi za ki fara. In har za ki biya mai ajin nan, tambaye ta ko tana duba hoton aikin ɗalibai ta gyara musu, ta kuma haɗa ki da wata da ta gama. In ta fara kame-kame ki riƙe kuɗinki. Satifiket kuwa wallahi ba uwar amaryar da za ta tambaye ki shi, hoton aikinki ake so a gani.

Maganar haɗa mai ita ce ban yarda ba sam. Da yawan abin da ake kira gyaran fata bilicin ne aka sake wa suna, ana zuba sinadaran hydroquinone da steroid, wani ma har mercury, fata ta yi fes wata uku daga baya ta sirance, jijiyoyi su fito, ga tabo baƙi a kumatu. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, har dokar ta-ɓaci ta ayyana a kan bilicin. Haka baƙin lallen dayis, akwai sinadarin PPD a ciki da ke sa wasu ƙuraje da kumburi, ki riƙa gwadawa kaɗan a hannu a jira kwana biyu. Tozalin dutse ma yakan ƙunshi dalma, kar ki bari a saka wa jariri, mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Ki tsaya kan jan lalle, dilka, halawa da kurkur, kuma waɗannan tsofaffin unguwarku sun fi mai ajin sani.

TAMBAYA: Anti ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Augie. Ina son kai 'yan aji shida gidan tarihin Kanta amma hedimasta ya ce yawo ne kawai, a nuna musu hoto a waya ya isa.

AMSA: Malam, a gaida hedimasta, amma daga Augie zuwa Argungu inda gidan tarihin yake ai ba tafiya ba ce. Ginin nan shi ne fadar Sarkin Kabi har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame. Akwai masu da takubba da kwari da baka, layu, tambura, kayan kamun kifi, ga kaburburan sarakuna a wurin. Yaron da ya tsaya gaban takobi ya ga tsawonsa kusan nasa ba zai manta ba, hoto kuwa ya goge shi da yatsa ya wuce.

Sai dai kar ku je haka nan yara su yi ta guje-guje. Ku sanar da masu kula da wurin tun da wuri a ba ku mai bayani, kowane yaro ya riƙe littafi ya zana abu ɗaya ya rubuta sunansa, in an koma gida ya tambayi kakansa me ake yi da shi, da yawansu 'ya'yan masunta ne sun san homa da gora fiye da ni. Daga nan ku gangara bakin kogin Matan Fada ka ba su labarin bikin kamun kifi, yadda ya faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kar ku sa tafiyar lokacin bikin, cunkoso ba zai bar ku ku ga komai ba, kuma a karɓi izinin iyaye a rubuce, a tafi da ruwa mai yawa da malama ko ɗaya ce saboda 'yan mata.